Hawainiya a Lambu: Yadda Ake Gane Irinta Ba Tare da An Kama Ta Ba

Daga lokacin da gero ya fara nuna har zuwa shigowar hunturu, hawainiya kan yawaita a idon mutane. Mai lambu ya je yankan rama ya tarar da ita maƙale a kara, yara su tsince ta tana tsallaka hanya, uwargida ta hango ta a shingen lalle. Abin da ke biyo baya kusan ɗaya ne a ko'ina. Wasu su rarumo sanda. Masu tausayi kuma, musamman ɗalibai da ke sha'awar namun daji, sai su jefa ta cikin gwangwani ko tsohon galan, su toshe, bayan kwana biyu su kawo mini suna tambayar wace iri ce. Kafin ta iso ta yi baƙi ƙirin, idanunta sun faɗa, wani lokaci ma farce ya cire ko wutsiya ta karye saboda fizgo ta da aka yi daga reshe. In na tambayi abin da suka lura da shi kafin su kama ta, amsar ba ta wuce "koriya ce" ko "ruwan ƙasa ce".

Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda aikin yake. Launi ba ya gaya maka irin hawainiya. Kai da ƙeya da dunduniya ne ke faɗa, kuma duka ukun ana ganinsu da ido ko a hoto, dabbar tana zaune a reshenta. A duniya akwai hawainiya sama da iri 200, kusan rabinsu a tsibirin Madagaska, amma wanda ke da lambu a arewacin Najeriya, kudancin Nijar ko arewacin Ghana, galibi iri uku kawai zai riƙa cin karo da su. Rarrabe uku ba abu ne mai wuya ba in an san inda za a duba.

Kayan aiki

Waya mai kyamara. Ita ce babban makaminka, domin hoto yana jiran ka duba a natse, dabba kuwa ba ta jira.

Rula ko tef ɗin tela. In babu, biro ma ya isa, tunda za ka iya auna shi daga baya.

Ɗan littafi da abin rubutu.

Tocila mai haske sosai, in da dare za ka fita.

Takalmi rufaffe da dogon wando. Wannan ba don hawainiya ba ne, don abin da ke ƙarƙashin shinge ne.

Busasshen reshe siriri mai tsawon kamu biyu, wanda ba shi da ƙaya. Sai in ya zama dole a matsar da ita za a yi amfani da shi.

Ruwa da sabulu.

Keji, gwangwani da leda ba sa cikin kayan wannan aiki.

1. Tsaya daga nesa tukuna

Da ka gan ta, ka tsaya a inda kake, taku uku ko huɗu daga gare ta. Kori kaji da kyanwa, ka ce wa yara su koma bayanka. Sannan ka dubi inda ƙafarka take. Gindin shinge da tarin ciyawa wurin kwanan kububuwa da kasa da kunama ne, kuma mutum in ya ɗaga kai yana kallon reshe yakan manta da ƙasa. Kububuwa ta fi yawo da magariba da dare, daidai lokacin da hawainiya ta fi sauƙin gani. Asibitin waɗanda maciji ya sara da ke Kaltungo a jihar Gombe shaida ne cewa wannan gargaɗi ba wasa ba ne ga manoma.

Daga inda kake tsaye ka ɗauki hoton farko, ka rubuta lokaci da shukar da take kai: rama ce, kuɓewa, zogale, gwaiba, magarya ko bagaruwa, da kuma tsayin wurin daga ƙasa. Dalilin gaggauta hoton shi ne, da zarar ta ankara da kai, kamanninta sun sauya ke nan.

Hawainiya ba ta da kunne a waje, jinta kuma ba shi da ƙarfi, don haka maganarka ba ta dame ta kamar motsinka da inuwarka ba. Matso a hankali, kada inuwarka ta faɗa kanta, domin abin da ke zuwa mata daga sama shaho ne ko hankaka. Za ka ga tana zamewa ta koma bayan reshe, ta matse jikinta har reshen ya rufe ta, idanu kawai ke leƙowa. Kada ka riƙa zagaya ta. Sa wani ya tsaya ta ɗaya ɓangaren ya ɗaga hannu a hankali, sai ta juyo ta ba ka gefenta.

2. Tabbatar hawainiya ce

Babba ba ta ɓuya, amma ƙanana kan rikita mutane, har a ɗauke su 'ya'yan ƙadangare ko tsaka. Akwai kuma masu ɗaukar cewa duk mai sauya launi hawainiya ne, alhali jan gwada ma yana yi: kansa ja ne zur a rana, in dare ya yi ko ya tsorata sai ya dusashe.

Dubi ƙafa. Yatsun hawainiya biyar ne, amma a haɗe suke kashi biyu masu fuskantar juna, don damƙar reshe. A ƙafar gaba uku ne ta ciki, biyu ta waje. A ta baya biyu ne ta ciki, uku ta waje. Babu ƙadangare, kulɓa, tsaka ko damo mai irin wannan ƙafa. Idanunta a kumbure suke, fata ta rufe su sai ɗan rami a tsakiya, kuma kowane yana juyawa inda ya so. Jikinta a matse yake ta gefe da gefe, na ƙadangare kuwa a baje yake ta sama da ƙasa. Wutsiyarta tana naɗe reshe, in tana hutawa ta nannaɗe ta.

A kan wutsiyar nan akwai abin da ya kamata kowa ya sani. Ƙadangare da tsaka sukan yar da wutsiya in an kama su, wata ta fito. Hawainiya ba ta yi. In ta karye ko ta guntule, haka za ta ƙare rayuwarta, kuma wutsiyar ce ke riƙe ta in ta miƙa jiki daga reshe zuwa reshe.

3. Rubuta launin, sannan ka ajiye shi gefe

A nan masu koyo suka fi faɗawa kuskure. Hawainiya ɗaya za ka iya ganinta da hantsi ruwan ƙasa mai duhu, da azahar koriya shar, da dare fara-fara kamar ba ita ba. Wanda ya dogara da launi zai rubuta iri uku alhali dabba ɗaya ya gani.

Ana yawan cewa tana kwaikwayon launin duk abin da ta hau. Ba haka ba ne. Launinta na hutu, kore ko ruwan ƙasa, dama ya dace da ganye da kara. Abin da ke sa ta rikiɗa shi ne zafi da sanyi, haske, da halin da take ciki. Da safiyar hunturu takan yi duhu ta karkata gefenta ga rana, domin baƙin jiki ya fi saurin ɗaukar zafi, har ka ga gefen da ke fuskantar rana ya fi ɗayan duhu. In rana ta take sai ta yi haske. In ta tsorata ɗigo-ɗigo baƙaƙe su fito mata a jiki, in tsoron ya yi yawa ta yi baƙi gaba ɗaya. Namiji ya ga namiji launinsa ya ƙara ƙarfi, macen da ke ɗauke da ƙwai ita ma tana da nata launin da take korar maza da shi.

A shekarar 2015 masu bincike a Jami'ar Geneva da ke Suwizalan, ƙarƙashin Michel Milinkovitch, suka nuna yadda wani ɓangare na wannan rikiɗa ke faruwa, bayan sun yi nazarin wata hawainiyar Madagaska. A cikin fatarta akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli, ƙanana ƙwarai, jere a tsare. In tana cikin natsuwa suna kusa da juna, sai su mayar da shuɗin haske, wanda in ya ratsa rawayan da ke saman fatar ya zama kore. In ta harzuƙa tazarar da ke tsakaninsu ta buɗe, launin ya koma rawaya ko ja. Duhun kuma daga baƙin sinadarin fata yake, wanda ke bazuwa ko ya tattaru.

To amfanin launi a gare ka shi ne ya gaya maka halin da take ciki. In ka ga tana ƙara duhu, tana kumbura, ta buɗe baki tana huci, ka matsa da yawa. Ja da baya ka ba ta minti goma. Akwai kuma farin layi mai 'yan tsinaye da ya taso daga haɓa ya bi ta ciki har gindin wutsiya, wanda ba ya sauyawa. Mutane kan ɗauka alama ce ta musamman, amma duka ukun namu suna da shi, don haka ba ya raba gardama.

4. Dubi kai daga gefe, sannan ƙeya

Wannan shi ne zuciyar aikin. Saman kan hawainiya ƙashi ne mai tauri da ya tashi daga hanci ya ƙare a ƙeya, wanda zan kira kwalkwali. Tambayoyi biyu za ka yi. Kwalkwalin ya ɗaga sama sosai ta baya, ko a kwance yake? Sannan a bayansa, inda kai ya haɗu da wuya, akwai fatar da ta fito ta kowane gefe, ko babu?

Dole ka sunkuya ko ka ɗaga wayar har idonka ya yi daidai da nata. Kallo daga sama yana kwantar da kowane kwalkwali, kallo daga ƙasa yana ɗaga shi.

In kwalkwalin ya yi tsayi, ya tashi ta baya ya yi tsini, da layi mai tudu da ya ratsa tsakiyar kai ya lanƙwasa har ƙarshensa, kuma babu wata fata a ƙeya, to hawainiyar Sahel ce, wadda masana ke kira Chamaeleo africanus tun 1768. Ita ce babba a cikin ukun, manyanta kan zarce santimita 40 har da wutsiya. Ta jure fari, shi ya sa take zaune daga Mali har Sudan, ta bi kogin Nilu zuwa Masar. Har a ƙasar Girka akwai 'yan kaɗan kusa da garin Pylos, waɗanda ake ganin mutane ne suka kai kakanninsu daga Masar, kuma can ana tsaron su sosai.

In kwalkwalin a kwance yake, ɗagawarsa kaɗan ce, layin tsakiyar ba ya fitowa sosai, ƙeya kuma sumul, to ta Senegal ce, Chamaeleo senegalensis, wadda aka sa wa suna a 1802. Sunan kada ya ruɗe ka, tana ko'ina a dazuzzukan ciyawa na Afirka ta Yamma har zuwa Kamaru. Ta fi ta Sahel ƙanƙanta, yawanci tsakanin santimita 20 da 30.

Ta uku ita ce mai wahala, Chamaeleo gracilis, domin kanta ya yi kama da na ta Senegal ƙwarai. Bambancin yana ƙeya: tana da 'yar fata ƙarama ta kowane gefe, a manne, wadda ba ta motsi, sai ka zuƙo hoto sannan ka ga gefenta ya ɗan fito daga wuya. In ta kumbura maƙogwaro akan ga launin ruwan lemo a tsakanin layukan fatar. Amma kada ka tsokane ta don ka ga wannan. Mataki na gaba zai ba ka shaida mafi ƙarfi ba tare da ka tayar mata da hankali ba.

In kuwa ka ga fatar ƙeyar manya ce, sun sauko ta gefe biyu kamar leɓatun hular haɓar-kada, har tana ɗaga su in ta fusata, to ka sami abin da ya cancanci hoto mai kyau. Wannan siffar dangin Chamaeleo dilepis ce, wadda ta fi yawa a tsakiya da gabashi da kudancin Afirka. A 2007 ma aka bayyana wata sabuwa daga cikin danginta a Togo, aka sa mata Chamaeleo necasi. Wato a yankinmu har yanzu mai lura zai iya ganin abin da littattafai ba su gama rubutawa ba, kuma wannan na daga abin da ke sa ni ƙin a kashe dabba kafin a dube ta.

Gargaɗi guda: kwalkwali yana girma tare da dabbar. 'Yar hawainiyar Sahel da ba ta wuce tsawon yatsa ba kanta a kwance yake, sai ka rantse ta Senegal ce. In ƙarama ce, ka rubuta "ƙarama, ba a tantance ba". Wannan ya fi amfani a kan suna na ƙarya.

5. Dunduniya da gindin wutsiya

Dubi ƙafar baya, daidai inda kashi biyu na yatsun suka haɗu ta baya. A wasu za ka ga ɗan tsiro na nama ya fito, ƙaimi ke nan. Namijin ta Sahel yana da shi, namijin gracilis ma yana da shi, namijin ta Senegal ba shi da shi. Mata duk ba su da shi.

Saboda haka sai ka fara sanin namiji ne ko mace, in ba haka ba rashin ƙaimi ba ya nufin komai. Dubi gindin wutsiya daga gefe. Na namiji yana da kauri, a ɗan kumbure ta ƙasa, sannan ya sirance. Na mace yana sirancewa kai tsaye daga jiki.

Yanzu haɗa shaidun. Namiji mai kwantaccen kwalkwali da ƙaimi, gracilis ne. Namiji mai kwantaccen kwalkwali ba ƙaimi, na Senegal ne. Mai dogon kwalkwali na Sahel ne, ƙaimin ya ƙara tabbatar maka. Mace mai kwantaccen kwalkwali kuwa, ƙeya kaɗai za ta raba maka, kuma wani lokaci ko gwani sai ya yi shakka.

6. Awo da wurin da kake

Ɗora rula a jikin reshen kusa da ita, ko wani ya riƙe a daidai nisanta da kyamara, ka ɗauki hoto. In rular ta fi ta kusa da kai, awon zai fito ƙarami. Awo biyu ake so: daga hanci zuwa mafitar kashi, sannan wutsiya daban, saboda wutsiya takan kasance a naɗe ko a guntule.

Wurin da kake yana taimakawa, amma ba ya yanke hukunci. A busassun wurare irin su Sakkwato, Katsina, Kano, Maiduguri, Maraɗi da Damagaram, ta Sahel ce ta fi kusa da zato. In ka gangara kudu inda ruwa ya fi yawa, ciyawa ta fi tsayi, sai ta Senegal da gracilis su yawaita, gracilis kuma ta fi son wuri mai danshi da bakin kurmi. A tsakani suna cuɗanya, musamman a fadamu da lambunan bakin kogi. Wanda ke kan tsaunukan iyakar Najeriya da Kamaru, irin su Mambila da Obudu, zai iya gamuwa da wani dangi daban, Trioceros, waɗanda bayan wasunsu ke da tozo mai tsinaye, mazan wasu kuma har da ƙaho. Waɗannan ba sa shiga ma'aunin da na bayar.

7. Hotuna da rubutu

Hoto biyar sun wadatar: dukkan jiki daga gefe tare da rula, kai daga gefe, kai daga sama, ƙafar baya ta dunduniya, da shukar da take kai. Taɓa allon wayar a kan idonta kafin ka ɗauka, in ba haka ba kyamara za ta kama ganye ta bar dabbar a dishe. Rubuta kwanan wata, gari da unguwa, da yanayin ranar.

In da rana ta ƙi ba ka gefe, dawo bayan isha'i da tocila. Hawainiya tana kwana a ƙarshen siririn reshe, inda maciji ba zai iso ba sai ya girgiza shi, kuma a barci launinta yana yin haske har ta fita daban a cikin ganye. A lokacin ba ta motsi, za ka ɗauki duk hoton da kake so. Haska ta daga gefe, kada ka daɗe kana dalle mata ido, kuma kada ka taɓa reshen, domin tana jin girgiza takan saki ta faɗo ƙasa.

Don tabbatarwa, ka sa hotunan a manhajar iNaturalist, inda masana ke dubawa, ko ka kai sashen nazarin dabbobi na jami'a mafi kusa. Masu jin Faransanci a Nijar da Chadi da Kamaru za su amfana da littafin da Jean-François Trape da abokan aikinsa suka fitar a 2012 kan ƙadangaru da kadoji da kunkuru na Afirka ta Yamma da Sahara.

8. In ya zama dole a matsar da ita

Dalilan ba su da yawa: tana tsakiyar hanya, ta shiga ɗaki, za a sare ko a fesa shukar da take kai, ko yara da kyanwa sun sa ta gaba. Miƙa busasshen reshen a gabanta, ƙasa da haɓarta kaɗan, ka taɓa bayanta a hankali da ɗaya hannun. Za ta tako da kanta. Ka jira ta saki tsohon reshen ƙafa bayan ƙafa, wutsiya a ƙarshe. Kada ka ja. Damƙarta tana da ƙarfi, ƙasusuwanta ba su da shi. Kada ka kama ta ta baya ko ka matse haƙarƙarinta, domin huhunta ya cika yawancin cikinta.

Kai ta shinge ko bishiya mafi kusa mai ganye, ba wani gari ko wani daji ba. In a hanya ka same ta, tsallakar da ita ɓangaren da ta dosa, in ka mayar da ita baya za ta sake fitowa.

Game da cizo: hawainiya ba ta da dafi, a baki ko a yawu ko a fata. Maganganun da ake yi cewa tofinta yana makantarwa ko cizonta yana kawo ciwon fata ba su da tushe. Babba in an matsa mata tana iya cizo, ya yi zafi, wani lokaci ya ɗan fasa fata. Kada ka yarfe hannu, za ka karya mata muƙamuƙi. Kai hannun jikin reshe, za ta saki. Wanke wurin da sabulu. Ko ba ta cije ka ba ka wanke hannu, domin dabbobi masu jan ciki sukan ɗauki ƙwayoyin salmonela masu sa gudawa da zazzaɓi, kuma yara ƙanana sun fi saurin kamuwa.

Kada ka ajiye ta a gida. Ba ta cin matattun ƙwari, ba ta shan ruwa a kwano sai raɓa da ɗigon ruwa a ganye, tana buƙatar rana, kuma ba ta son zama da 'yar uwarta. Wadda aka kulle takan daina ci ta mutu a hankali. Kada kuma ka sayar. Dama can ana kwasar su da yawa: ana busar da su don kasuwar magunguna, kuma an fitar da dubban ta Senegal da gracilis daga Togo da Benin da Ghana zuwa Turai da Amurka. Duk dangin Chamaeleo suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya da Nijar suke ciki, ma'ana fitar da su waje sai da izinin hukuma.

9. Abubuwan da ake ɗauka matsala, da waɗanda suke matsala

Farar fata da ke ɓarewa a jikinta guntu-guntu saɓa ce, ba ciwo ba. Kada ka taya ta ɓarewa.

Ƙanana da ka gani su kaɗai a farkon damina ba marayu ba ne. Hawainiya ba ta reno, suna fitowa daga ƙwai suna farautar kansu.

Wadda ka tarar a ƙasa tana tono a ƙarshen damina, jikinta ya yi duhu ya yi buɗu-buɗu da ƙasa, mace ce za ta yi ƙwai. Aikin kan ɗauke ta yini guda ko fiye, kuma in an dame ta takan bar ramin. Wadda ta rasa inda za ta zuba ƙwanta tana iya mutuwa da su a ciki. Tsare mata kaji, ka bar wurin. In ta gama ta rufe ramin, kafa tsinke don kada a yi noma ko a cika ban ruwa a kai, saboda ƙwan kan yi watanni a ƙasa, su ƙyanƙyashe bayan ruwa ya dawo. In fartanya ta tono maka wasu fararen ƙwai gommai masu laushin ɓawo, kada ka juya su. Mayar da su yadda suke kwance, a zurfin da ka same su, ka rufe da ƙasar wurin.

Alamar ciwo ta gaskiya ita ce idanu a faɗe ko a rufe da rana tsaka, da damƙa marar ƙarfi. A lambu, abin da na fi zargi in na ga haka shi ne feshi. Ana cewa "hawainiyarka ta kiyayi ramata", amma ba ramar take ci ba, fara da babe da ƙuda da tsutsar da ke kan ramar take bi, tana harbo su da harshen da ya kai tsawon jikinta ko ya zarce. In aka yi wa ƙwarin feshi ta ci, ita ma ta sha maganin. Don haka kafin ka yi feshi, zagaya da tocila daren da ya gabata, ka kwashe waɗanda ka gani zuwa shingen da maganin ba zai kai ba. Shingen kansa kada a fesa shi, kuma in rani ya yi za a share lambu, a sassabe shi da hannu maimakon a cinna masa wuta. Wadda ta riga ta sha magani, ɗora ta a reshe mai inuwa nesa da inda aka fesa, ka yayyafa ruwa mai tsabta a ganyen da ke gabanta safe da yamma, kada ka ɗura mata a baki.